Tsumman Escalada, Kai Ƙasa

Shafi na 23

Taƙaitaccen bayani, domin waɗanda suka shigo a makare suke ta maimaita tambayar da aka riga aka amsa.

Bisa abin da ya tabbata zuwa yau, ƙungiyar kiɗan rok ta Carbonilla, wadda ta watse shekaru da dama bisa rantsuwar cewa ba za ta sake haɗuwa ba har abada, ta sake haɗuwa. An yi wasan a babban filin ƙwallo, kuma an hana shiga da tuta. Mirta Ledesma, mai riƙon tutar masoyan ƙungiyar na unguwar Escalada, tutar da ba mai kiranta da wani suna sai Tsumma, ta naɗa wa Tano Ferraro ita a ciki, ƙarƙashin riga, kasancewar shi ne mai tumbin da ba za a yi wa zargi ba. Tano, wanda aminin marigayi ƙaninta Beto ne, ya shigo fili babu Tsumma, ya shaida cewa masu gadi sun ƙwace. An karɓi shaidarsa. Wannan bara ke nan. Yau Laraba an fara nuna fim ɗin tarihin ƙungiyar, kuma mutanen Escalada sun je kallon rana, wanda ake yi wa 'yan fansho rangwame.

Sai da fim ya yi nisa Mirta ta gano abin da yake damunta. Haƙora ne.

Duk yaran da aka ɗauko su fito a matsayin masoyan Carbonilla na wancan zamani bakinsu a cike yake, haƙora farare a jere kamar an yi musu awo. Ta juya ta dubi layin da mutanenta suke zaune. Su tara suka rage cikin waɗanda a da suke cika tarago guda, kuma da za a tattara haƙoransu wuri ɗaya, da ƙyar a cika bakin mutum uku.

Lakar fim ɗin ma mai ladabi ce. Tana tsayawa a kumatu, ba ta shiga ido, ba ta cinye takalmi. An nuna yaran suna hawa jirgin ƙasa da tikiti a hannu. Wanda ya fito a matsayin Rulo, mawaƙin ƙungiyar, kyakkyawan yaro ne mai dogon wuya, yana kallon taga yana tunani kafin ya rubuta waƙa. Mirta ta san Rulo tun yana rancen sigari a bakin tasha, kuma ba ta taɓa kama shi yana tunani ba.

Ta ce a ranta wannan duk da haka ya fi wasan bara, domin a nan an gaya maka tun daga ƙofa cewa kwaikwayo ne. A filin ƙwallo ba a gaya wa kowa ba. An gitta shinge a tsakiyar fili, gaba na masu tikitin tsada da aka ɗaura wa zare a wuyan hannu, ana kai musu abin sha a tire, baya na waɗanda suka san waƙoƙin. Rulo ya fito yana karanta baitocinsa daga wani gilashi da aka ajiye masa a ƙafa. Da aka zo waƙar ma'aikatan jirgin ƙasa da aka kora, waƙar da ubanta ya saurara sau ɗaya ya tashi ya fita tsakar gida, sai allon da ke bayan makaɗa ya haska da tallar wani banki. Dubban mutane suka ɗaga waya sama, kowa yana kallon wasan ta cikin tafin hannunsa kamar mai duba lafiyar ƙwai. Babu wanda ya taka ƙafar wani. Ta dawo gida rigarta a bushe, abin da bai taɓa faruwa ba.

A gefenta Tano ya riƙe kwalin gugguru bai taɓa ko ɗaya ba. Wannan ya kamata ya ja hankalinta, domin Tano mutum ne da ya taɓa cin abinci a gidan makoki har sau biyu. Amma hankalinta yana kan allo.

Sai aka zo wurin da ake kwaikwayon wasan garin Junín, na shekarar da aka sha ruwan sama. Kyamara ta bi ta kan taron yara masu haƙora, ta hau shingen waya, ta tsaya.

Tsumma ne. Ba irinsa ba, shi ne da kansa. Ga facin da ta yi masa da yadin labulen uwarta, ga harafin ƙarshe da ya karkace saboda fenti ya ƙare wa Beto. An baje shi a jikin shinge, ya cika allo daga bango zuwa bango, sunan unguwa yana kallon ƙasa, sunayen mutanenta da ke bakin gefe suna sama, ƙafa a iska.

Tsumma ba ya ratayuwa kai ƙasa sai a hannun waɗanda suka ƙwace shi da ƙarfi, suna so duniya ta san masu shi sun zubar sun gudu. Shekara talatin da wani abu mutanen Escalada sun sha duka a kansa, sun kwana a ofishin 'yan sanda, dattijonsu Don Ubaldo ya bar rabin kunne a garin Córdoba, duk don kada a ga wannan rana. Ga ta an gani, da kiɗan goge mai taushi a ƙarƙashi.

Mirta ta nemi kusurwar dama, wadda yanzu ta koma hagu. A nan shatin hannun Beto yake, laka da baƙin mai, wanda ya dafa a Junín mako guda kafin babur ya kashe shi. Ba ta gani ba. Ta ce wa kanta hasken kyamara ne.

Don Ubaldo ya miƙe tsaye a tsakiyar silima ya cire hula. Wani yaro daga baya ya ce kaka ya zauna, ya tare wa mutane. Bai zauna ba. Sauran takwas suka tashi suka bi shi waje a jere, ba wanda ya jira ya ga ko Rulo na fim zai auri budurwarsa.

*

A kulob ɗin unguwa ba a yi dogon zance ba. Don Ubaldo ya buɗe kabad ɗin da ake ajiye kofunan gasa, ya ɗauko gwangwanin baƙin fenti da burushi, ya ajiye a tebur. Ya ce masu gadin filin ƙwallo ba sa yin fim, saboda haka wani ne ya miƙa Tsumma da hannunsa. Ya ce doka uku ce kowa ya sani: ba a wanke shi, ba a ba da aronsa, wanda kuma ya jawo aka gan shi kai ƙasa, mai riƙo ce take shafe sunansa da hannunta. Duk ranar da Tsumma ya dawo za a yi, in bai dawo ba a yi a jikin bango.

Kowa ya ƙi kallon Tano, wanda hakan ya fi kallon muni.

Mirta ta ce a ba ta ɗan lokaci. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi kicin, ta tura ƙofa da ƙafa.

“Faɗa mini,” in ji ta.

“Ni ne.”

“Na san kai ne. Wa ka ba?”

“Mutanen fim.”

“Mutanen fim ba su da suna?”

“Wani ne mai gemu.”

“Duk masu gemu ne, Tano. Har matansu sun kusa.”

Ya ce sayarwa ya yi, yana cikin matsi. Ta tambaye shi wane matsi, ya ce na haƙori. Ta ce ya buɗe baki ta ga aikin da aka yi. Ya ƙi buɗewa. Ya tsaya yana kallon takalminsa, kuma tun suna yara Mirta ta san duk lokacin da Tano ya shiga nazarin takalmi to gaskiya tana wani wuri dabam.

“Kai ka ɗauki gawar Beto,” ta ce. “Kai ka hana a rufe shi da Tsumma, ka ce hannunsa ya zauna a cikinmu. Yau kake so in yarda ka sayar da shi don haƙori?”

“Ki shafe sunana kawai, 'yar uwa. Fenti ne. Ba ya zafi.”

“Wa kake karewa?”

Kafin ya nemo wata ƙaryar aka buɗe ƙofar baya, wadda ake shigo da buhunan gawayi. Noelia ce, 'yar Mirta tilo, mai shekara talatin da ɗaya, wadda take aikin ɗinki da kula da tufafi a wurin masu shirya fina-finai, aikin da uwarta take bayyana wa maƙwabta da cewa tana guga. Tana rungume da babbar leda. Ta gaida Kawu Tano, ta ce ya daina wahalar da kansa, bai iya ba. Sa'an nan ta ɗora ledar a kan teburin yanka nama.

Mirta ba ta buƙaci buɗewa ba. Tun daga inda take tsaye ta san akwai matsala, domin ba ta ji wari ba. Tsumma yana da warinsa, na giya da gumi da hayaƙi da ruwan sama na garuruwa da yawa, warin da yake riga shi shiga ɗaki. Abin da ya fito daga ledar nan ƙamshin sabulu ne. Kuma ta san sabulun. Shi take saye.

Ta warware kusurwar dama. Fenti yana nan, kowane suna raɗau, har ya fi da haske. Inda hannun Beto yake kuwa, fari ne tas, sai ɗan dusu-dusu kamar inda aka ɗauke hoto daga bango.

“Su suka wanke?”

“Ni na wanke,” in ji Noelia.

“A ina?”

“A injinki, tsohuwa. Ranar wasa. Kawu ya miƙo mini a bayan tasha, na kai gida. Sau biyu na zagaya da shi, na farko bai fita ba.”

Mirta ta tuna. Washegarin wasan injin wankinta ya toshe da jar laka, ta kira mai gyara, ta kwashe mako tana zagin hukumar ruwa a layin burodi. Ashe Junín ce ta bi ta bututun gidanta ta tafi kwata, ita kuwa tana can tana kallon Rulo yana karanta gilashi.

Tano ya sa baki ya ce shi aro aka ce masa, na kwana uku, za a ɗauki hoto kawai a san Escalada a duniya. Ba wanda ya yi masa maganar wanki. Da ya ji abin da ya faru sai ya ga gara a bar laifin a kan masu gadi. Noelia ta tabbatar da haka. Ta ce ɗan wasan da zai riƙe Tsumma yana da ciwon ƙirji, shugaban shirin ya ce ko a wanke ko a ɗinka sabo, ita kuma da aikinta yake rawa a lokacin, ta ce za ta kawo na gaskiya a wanke.

“Aiki,” in ji Mirta. “Saboda guga.”

“Da farko saboda aiki.”

“Daga baya fa?”

Noelia ta jingina da firji ta naɗe hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

“Daga baya na zauna a gaban injin ina kallon ruwan yana baƙi. Na ji daɗi, Mama. Gara in gaya miki da bakina.”

“Hannun kawunki ne.”

“Na sani. A ɗakina Tsumma yake kwana. Kin ce ɗakinki da danshi, kada ya lalace, sai aka sa shi a saman kabad ɗina. A makaranta ana ce mini mai warin tasha. Kin taɓa sani?”

“Ba ki faɗa ba.”

“Yaushe? Ranar bikin cikata shekara sha biyar kina Córdoba. Kawu Tano ne ya yi rawar farko da ni, ya taka mini riga har ta yage.”

“Takalmin aro ne,” in ji Tano a hankali.

“Wasan ƙarshe ne kafin su watse,” in ji Mirta. “Kowa ya san haka.”

“To ga shi sun dawo. Ni sha biyar ɗina ba ta dawo ba.”

Mirta ta nemi abin da za ta ce, ta tarar duk amsoshin da take da su na masu gadi ne da 'yan sanda da mutanen wasu unguwanni. Ba ta taɓa tanadar wadda za a ba 'ya ba. Sai ta koma kan abin da ta iya.

“Kai ƙasa fa? Wannan jahilcin masu gemu ne, ko?”

Tambaya ce mai ƙofa a buɗe, kuma duk su ukun sun san haka. Da Noelia ta ce e, da an tattara laifin an ɗora wa wani mai gemu da ba a san sunansa ba, a tsine masa a sha shayin mate a watse. Tano har ya fara gyaɗa mata kai.

“Shugaban shirin ne ya ce a juya,” in ji Noelia. “Wai yana nuna duniyar da ta kife. Ya tambaya ko akwai wanda ya san wani dalilin da zai hana. Ina tsaye a wurin da allura a baki.”

“Kika ce me?”

“Ban ce komai ba.”

“Kin san ma'anarsa.”

“A gidanki na tashi. Kafin in iya karatu na sani.”

Mirta ta bi bakin gefen Tsumma da yatsa, inda sunaye suke a jere. Ga na Don Ubaldo, ga na matattu da aka yi wa ɗan gicciye, ga na Tano. Bayansa nata. A ƙarƙashin nata, manne da shi, da ƙananan haruffa, NOELIA. Beto ne ya rubuta ranar da aka haife ta, ya zo asibiti da fenti a hannu har ma'aikaciyar jinya ta kore shi. Ita ce kaɗai aka taɓa sa wa suna a Tsumma ba ta je wasa ko ɗaya ba.

Tano ya ce maganar ta tsaya a kicin. Shi ya riga ya amsa a gaban mutane da shirunsa, ba shi da 'ya'ya, ba shi da mata, abin da zai rasa kujerarsa ta Lahadi a kulob ce kawai, kuma kujerar ma tana masa ciwon baya. Noelia ta ce ba ta zo don a rufa mata asiri ba. Ta ce ba ita ta sa sunanta a wurin ba, ba kuma za ta roƙi a bar shi ba.

“Abu ɗaya nake so in gani,” ta ce. “Sau ɗaya a rayuwata a ajiye ni da shi a tebur guda, in ga wanda za ki ɗauka.”

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Don Ubaldo ne, yana tambaya cikin ladabi ko mai riƙo ta gama, domin fenti ya fara yin fata.

Mirta ta ɗauki Tsumma. Ya yi mata sauƙi a hannu, kamar an miƙo mata zanen gadon otal. Ta fita da shi, su biyun suna biye. Aka matsar da kofuna, aka baje shi a dogon tebur, kai sama. Tsofaffi bakwai suka sunkuya a kansa. Ba wanda ya yi maganar ƙamshin. Wata ta toshe hanci da gefen mayafi, wani ya nemi hannun Beto da ido, bai samu ba, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake nema.

Don Ubaldo ya dubi kusurwar ya daɗe. Sa'an nan ya ce yanzu doka uku aka karya ba ɗaya ba, amma suna ɗaya ake bukata. Ya miƙa mata burushi ta wajen mariƙi.

“Mai riƙo ta san ko wane ne?”

“Ta sani,” in ji Mirta.

Ta tsoma burushi a gwangwani, ta share bakinsa a gefe kamar yadda Beto ya koya mata. Ta fara bin sunaye daga hagu. Ta wuce Don Ubaldo. Ta wuce matattu. Ta iso kan sunan Tano, wanda ya riga ya ɗauki hularsa ya rufe ido.

Ta wuce shi.

Bayan Tano suna biyu ne suka rage, ɗaya a kan ɗaya, kusa da juna har faɗin burushi ya isa ya rufe kowanne.

Lissafin abin da al'amarin ya ci zuwa wannan shafi:

Gugguru, kwali ɗaya, ba a taɓa ba.

Ƙarshen fim, mutum tara ba su gani ba, ba kuma wanda ya nema.

Zagi na mako guda ga hukumar ruwa, bisa kuskure.

Lakar garuruwa goma sha huɗu, ta bi kwata.

Hannu ɗaya, na mamaci, babu madadinsa.

Bikin cika sha biyar, ɗaya, an shigar da shi lissafi a makare.

Suna ɗaya, na uwa ko na 'ya. Ɗigon farko na fenti ya riga ya bar burushi.